Kawu da Mutanen Kanada

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke unguwar Bani Harisa. Bai yi jinya ba. Ya ce a ba shi ruwa, aka ba shi, ya sha rabi ya miƙo kofin. Shi ke nan. Bayan La'asar aka yi masa salla a Harami, masallacin Manzon Allah.

Wan mahaifiyata ne. Shekarunsa babu wanda ya sani, har shi kansa. Abin da ke kan takardarsa, wani ma'aikaci ne ya dube shi ya kintata tun zamanin da. Ya dai kusa ɗari.

Kwana uku muka jera kujeru a ƙofar gida, daga Magariba zuwa Isha'i, yadda ake zaman makoki a nan. Mutane sun zo. Hausawan Sudan, 'yan Cadi, ɗaliban jami'a 'yan Najeriya. Wani Balarabe mai furfura, ɗan mai gonar dabinon da Kawu ya yi wa aiki, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Shi ya koya mini hawan dabino. Shi ne kuma mutum na farko da ya mare ni." Ya yi dariya, ya share ido. Jikokin Kawu, manya da gemunsu, suna zagayawa da gahawa, ana yi musu gaisuwa da Hausa suna amsawa da Larabci. Babbar 'yar Kawu ta aiko daga cikin gida cewa kada kowa ya ɗaga murya da kuka. Ta ce tsohon ya tafi bai bar wa kowa haushi ba, sai ƙudaje.

A rana ta biyu wani tela ɗan Cadi ya ce, "To shi Baba ya samu mutanen Kanadan nan nasa kuwa, ko da saƙon ya tafi?" Aka yi murmushi. Wani ya ce tsufa ke nan, kowa da inda yake kama shi. Ba wurin magana ba ne. Amma na ga in na yi shiru abin da za a riƙe ke nan: tsoho mai tare alhazai yana yi musu surutu. Shi ya sa na ce a rubuta. Ni ban yi makaranta ba. Ina faɗa, ɗan Zariya yana rubutawa. Ɗalibi ne a jami'a, yana haya a bayan gidan Kawu, kuma yana cikin labarin ko ya so ko bai so ba.

Ni faci nake yi a unguwar Jurf. Ta ruwa na zo ƙasar nan daga Sudan. Jirgin ya kife da mu, waɗanda muka fita ba mu cika mota ɗaya ba. Da na iso gidan Kawu bai taɓa ganina ba. Na faɗi sunan mahaifiyata. Ya dubi ƙafata, ya dubi idona, ya nuna mini tabarma. Kwana biyu ina barci. Duk sanda na farka yana zaune a kaina da mafici yana korar ƙuda. Matarsa, Allah Ya jiƙanta, ta ce a tambaye ni yadda aka yi. Ya ce, "Wanda teku ya tofar, ba a tambayarsa ɗanɗanon gishiri." Har ya mutu bai tambaye ni ba. Ni ma ban faɗa ba.

Maficin nan ba ya rabuwa da shi. In ya ga mutum yana barci a masallaci ƙuda na bin fuskarsa, ko bai san shi ba sai ya tsuguna ya hau fifita. An taɓa ɗaukarsa ɓarawon aljihu a kan haka. Jirgin sama kuwa bai taɓa shiga ba. 'Ya'yansa sun yi sun yi su kai shi Kano ya ga ƙauyensu, ya ce, "Na riga na ga cikin jirgi." Amma in jirgi ya wuce ta sama, ko yana kan dabino ne, sai ya tsaya ya ce, "Allah Ya sauke ku inda kuka nufa."

Ga dalilin, yadda ya gaya mini. Bai taɓa canja shi ba.

Lokacin yaƙin Hitila, kakana ya taso da iyalinsa daga wani ƙauye a ƙasar Kano, a ƙafa, za su Makka. Kawu ya fara azumi a lokacin, gemu bai fito ba. Mahaifiyata tana 'yar ƙarama. Sun wuce Abashe, sun shiga ƙasar Darfur cikin ayari babba. A hanyar nan jiragen Turawa kan wuce ta sama a jere kamar shamuwa, su ma gabas suka nufa. Wata rana guguwa ta taso, irin mai rufe rana. Da ta lafa suka ga hayaƙi a bayan tudu.

Jirgin yaƙi ne, mai jefa bam. Mutum uku a ciki. Biyu sun riga sun cika. Na ukun ya ja jiki ya fito, wuta ta ci hannuwansa da ƙirjinsa da rabin fuska. Kawu ya ce yaro ne, da kaɗan ya girme shi.

An gwada ɗora shi a kan jaki, fata ta biyo hannu. Madugu ya ce ba za a tsaya ba. Damina na bisa kai, in kwaruruwan gaba suka cika babu mai tsallakawa sai kaka. Ya ce za su kai labari garin gaba. Gaskiya ya faɗa, babu wanda ya zarge shi. Ayari ya ɗaura kaya. Kakana ya sauke nasa. Ya ce, "Abin da ya faɗo a gabanka, naka ne."

Kwana tara suka yi da shi. Kakana yana tafiyar rabin yini ya ɗebo ruwa. Kakata tana shafa masa zuma da man shanu, abin da ke gare ta ke nan. Aikin Kawu biyu ne: ya kori ƙuda daga kan ƙunar, ya kuma tsoma tsumma a ruwa ya ɗiga masa a baki. Ba sa jin maganarsa, ba ya jin tasu. Kalma ɗaya suka gane, don kusan kowa haka yake kiran uwa. Ita yake ta kira.

In ciwon ya taso masa sai ya miƙo hannu yana neman abin riƙewa. Hannun kuma ba ya riƙuwa. Kawu ya duba duk jikinsa, inda wuta ba ta taɓa ba sai ƙafar da takalmi ya tsare. Sai ya riƙe masa babban yatsan ƙafa. Ya ce yana riƙewa yaron yake yin shiru. Haka yake riƙe da shi ran da ya cika.

Suka binne shi kusa da 'yan'uwansa biyu. A hannun dama, fuska alƙibla, don ba su san wani binnewa ba sai wannan. Ba su yi masa salla ba. Kakana ya tsaya a kan kabarin ya daɗe.

Bayan kwana biyu Turawa suka iso da mota, da wani soja Bahaushe tafinta. Shi ya ce musu, "Waɗannan ba 'yan Ingila ba ne, mutanen Kanada ne." Babbansu ya zagaya jirgin, ya yi rubutu, ya ba kakana bargo da sukari. Kawu ya ce, "Sun tambayi inda injin ya faɗi. Sun tambayi inda hayaƙi ya nufa. Babu wanda ya tambaye mu yadda yaron ya mutu."

Ruwa ya sauko. Hanya ta rufe. Suka zauna a wani ƙauye suna noma wa mutane. Zazzaɓi ya kama kakana, ya rasu kafin a yanke gero. Bai ga Ka'aba ba. Sauran sun yi shekaru a hanya. Mahaifiyata ta yi aure a Gadarif, a Sudan, ta tsaya can. Kawu ya ƙaraso.

Mahaifiyata ba ta taɓa yafe wannan tsayawar ba. In aka ambaci mahaifinsu cewa take, "Bature ya ci mana uba." Da wannan maganar na girma, da ita na shigo gidan Kawu. Shi kuma abin da ya riƙe daban. Cewa yake akwai wata mata a Kanada da aka gaya mata ɗanta ya ƙone a jeji, ba a gaya mata sauran ba. Sauran yana hannunsa. Ya ɗauka Kanada wani gari ne a bayan Ingila. Ya yi shekaru yana tambaya a gona da kasuwa, babu wanda ya san kowa a can.

Da ƙafafunsa suka gaza, ni nake tura shi Harami ran Alhamis a keken da a nan muke cewa arabiyya. Ɗan Zariya kan biyo mu. Kawu Bakano ne, saboda haka ba ya kiransa da komai sai "bawana". Wata rana wasu alhazai suka wuce mu da jakunkuna masu hoton jan ganye. Ɗan Zariya ya ce, "Baba, ga mutanen Kanada."

Kawu ya ce, "Tura ni."

Na tura. Ya kama rigar ɗayansu, ya dube shi sama da ƙasa, ya juyo. "Bawana, ƙarya ka fara? Wannan ai ɗan Pakistan ne."

"Baba, Kanada yanzu kowa da kowa ne."

"To. Gaya masa da Turancinka."

Daga ranar muka shiga aiki. Duk jan ganyen da ya gani sai an tura shi. Mun tare 'yan Somaliya, mun tare 'yan Labanan, mun tare wata mata da ta ce ita a Legas aka haife ta. Wasu su saurara su ce masha Allah su wuce. Wasu su ɗauka bara yake su sa masa riyal a cinya, ya share shi ƙasa da mafici. Wani askari mai gadin Harami ya taɓa ce mana mu daina damun baƙi. Kunya ta ishe ni. Na ce, "Kawu, matar nan ta daɗe da zama ƙasa."

Ya ce, "Wa ya gaje ta?"

"Ni ina zan sani?"

"Shi ya sa muke tambaya. Tura."

A cikin wannan ne suka yi faɗa da ɗan Zariya. Kawu in ya gama salla yana da jerin mutanen da yake ambata: ubansa, uwarsa, matarsa, a ƙarshe ya ce "da yaran nan uku". Ɗan Zariya ya daɗe yana jin abin yana haɗiyewa. Ran nan a ƙofar gida ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ya halatta a nema wa wanda ba Musulmi ba gafara bayan ya mutu." Ya jawo aya, ya jawo maganar malamai.

Kawu ya bari ya gama. Ya ce, "Ka ji na ce a gafarta musu?"

"To me kake cewa?"

"Cewa nake, Ubangiji, ga yaran nan uku, Ka san inda suke. Iyakarta ke nan. Ko shi ma malamanku sun hana?"

"Ai Ya sani ko ba ka faɗa ba."

"Ya san kana jin yunwa ma, amma kullum sai ka zo ka cinye mini gurasar tamis."

Ɗan Zariya ya yi fushi, mako biyu bai zo ba. Kawu ya aika masa da dabino, ya ce a gaya masa bawa ba ya yaji. Ya dawo. Yanzu da yake rubuta wannan ya ce in ƙara cewa hukuncin da ya faɗa yana nan daram. Na ƙara.

Shekara ta uku da fara wannan yawo, wata Alhamis bayan La'asar, muna ƙarƙashin manyan laimomin filin Harami. Wani dattijon Bature yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa, farin gemu, jakar jan ganye a gefensa. Ya musulunta ne, ya zo Umara. Kawu bai ce a tura shi ba. Da kansa ya kama tayar yana ja.

Ɗan Zariya ya ba da labarin kamar kullum. Ya gaji da shi, yana yi yana taƙaitawa. Mutumin ya ɗaga hannu ya ce ya koma daga farko, kada ya tsallake komai. Da aka gama ya ce shi ma wan mahaifiyarsa a irin wannan jirgin ya tafi.

Ya ce ɗan manoma ne, alkama suke nomawa a ƙasar da sanyi ke daskarar da ruwa a rijiya. Bai kai ashirin ba ya shiga. Wurinsa a wutsiyar jirgi, shi kaɗai da bindiga, a wani ɗan keji da ko miƙewa ba a yi. Ya ce irinsu da yawa ne, daga gonaki da ƙananan garuruwa. Su ci abinci tare, su tashi, da safe a ga gadaje babu kowa, a naɗe kayan mutum a kawo wani. Nasu ya tashi wata rana zuwa Jamus ta kan teku, bai dawo ba. Babu gawa, babu kabari, sai takarda. Kakarsa, uwar yaron, ta ƙi barin gonar har ta mutu. Cewa take in ya dawo bai same su ba, ina zai nufa.

Ɗan Zariya ya juyo ya ce da Hausa, "Baba, ba shi ba ne. Nasu a can Turai ya ɓace, naku a Sudan."

Kawu ya ce, "Na ji. Ni kurma ne?"

"To kada mu sa masa rai."

"Kai dai faɗa masa abin da zan ce, kada ka gyara." Ya matso da arabiyyar. "Ka ce masa, su sun samu uwa ba su samu gawa ba. Ni na samu gawa ban samu uwa ba. Ka ce na san ba nasu ba ne. Amma na tsufa, ba ni da wani. Ko zai karɓa?"

Ɗan Zariya ya faɗa. Na ga bai gyara ba, don muryarsa ta canja.

Mutumin ya ce mahaifiyarsa tana da rai. Ita ce ƙanwar wanda ya ɓace, ta tsufa ƙwarai, amma hankalinta na nan. Ya ce, "Me zan gaya mata?"

Kawu ya ce, "Ka ce bai mutu shi kaɗai ba. Ka ce ya sha ruwa. Ƙuda bai zauna a kansa ba. Ya kira uwarsa, an amsa masa, ko da ba da harshensa ba. Ka ce an riƙe shi har ya cika, an binne shi kamar ɗan mutane."

Mutumin ya sa hannu biyu ya karɓi hannun Kawu. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Kawu ya bar masa hannun har ya saki don kansa. Sannan ya ce mini, "Halas, an gama. Kai ni gida."

Muka kama hanya har muka kusa Bani Harisa. Na ce, "Da Kaka ya bi ayari, da ya ga Ka'aba."

Ya ce, "Da ya gani."

"Ba ka taɓa jin haushi ba?"

"Ya nufi ɗakin Allah, Mai ɗakin Ya aiko masa da baƙo a hanya. Ya tsallake baƙon ya je ya ce me?" Ya ƙara da cewa, "Uwarka ƙarama ce lokacin. Uba ta rasa. Ita ma tana da gaskiya."

Na dai daina faɗin maganar mahaifiyata daga ranar.

Bayan wata biyu saƙo ya shigo wayar ɗan Zariya. Murya ce ta wata tsohuwa, tana rawa. Ya fassara. Ta ce ta san ba wanta ba ne, ta karɓa duk da haka. Ta ce tambaya ɗaya gare ta: da yake kwance kwana taran nan, akwai inuwa?

Kawu ya ce a kawo wayar kusa da bakinsa. Ya ce, "Akwai, Hajiya. Ƙarƙashin aduwa muka kwantar da shi. In rana ta juya, mu juya shi."

Ɗan Zariya ya ce, "Baba, ba Hajiya ba ce."

"Ta girme ka. Aika."

Bayan wannan ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni. Muna zuwa Harami ran Alhamis kamar da. Masu jan ganye su wuce ta gabansa, ya bi su da ido, ya ci gaba da jan carbinsa. Ya ƙara ƙiba. Ya koma tsokanar jikoki a kan Hausarsu. Wani lokaci barci ya ɗauke shi a arabiyyar tun kafin mu isa, abin da bai taɓa yi ba a da.

To tela, ga amsarka. Bai tafi da saƙon ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa shi da mahaifinsa, Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni da babban ɗansa muka shiga ramin muka karɓe shi. Ba shi da nauyi. Yanzu yana maƙabartar Baƙi'a, can ciki ta wajen katangar gabas, a hannun dama.